Zane a kan zane: yadda hoton ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya hau tufafi

Bahaushe ya kira abin da alƙalami ya fitar zane, ya kira abin da mace ke ɗaurawa zane. Ga labarin inda biyun suka gamu.

A 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya gano cewa in aka tsoma ɗan yankin ƙwaƙwalwa cikin ruwan sinadarin azurfa, wasu ƙwayoyin jijiya kaɗan sukan rine baƙi ƙirin, sauran su zauna yadda suke. Da haka ido ya fara ganin ƙwaya guda tun daga gindinta har rassanta a madubin ƙara girma.

Santiago Ramón y Cajal, ɗan Sifen da aka haifa a 1852, ya so zama mai zane tun yana yaro, amma mahaifinsa ya tura shi karatun likita. Da ya ga wannan rini a 1887, sai ya koma ga alƙalami da tawada. Ya zana abin da ya gani har kusan hotuna 3,000, ya kuma nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take, saƙo take miƙa wa maƙwabciyarta. Golgi bai yarda ba, yana ganin duk raga ɗaya ce. Duk da saɓanin, su biyun suka raba kyautar Nobel ta 1906. Gaskiya tana wajen Cajal, wanda ya rasu a 1934.

Wanda ya san gawon kwarin Dallol Boso na Nijar da damina, sa'ad da ya kaɗe ganye ya bar rassa tsirara, ya riga ya san siffar ƙwayar da Cajal ya zana daga ƙwaƙwalwar tantabara a 1899. Kyan nan ne ya fitar da hotunan daga littattafan likitoci: yau a Turai da Amurka ana buga su a labule da rigar matashin kai da zanen gado.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan harka. Atamfa ta samo asali daga rinin kakin tsibirin Jawa, wanda masaƙun Holan irin su Vlisco, da aka kafa a 1846, suka kwaikwaya suka kawo Afirka ta Yamma. Mata 'yan kasuwa su ke raɗa wa turmi suna, har akwai wanda suka sa wa "Ƙwaƙwalwar Kofi Annan". A Nijar kuma ana buga zanen 13 ga Mayu don tunawa da tattakin mata na 1991.

Mace 'yar garin Tabla da ke cin kasuwar Baleyara ran Lahadi ta iya karanta zane tun kafin ta taya shi. Ina fatan ranar da za ta ɗaga turmi mai hoton Cajal, ɗiyarta 'yar makaranta ta ce: "Inna, wannan ba gawo ba ne, abin da ke cikin kanmu ne."