Mutum Cikin Siffar Allah: Nazarin Wata Aƙidar Kirista da Tasirinta

Gabatarwa

Cikin koyarwar da addinin Kirista ya gada daga littattafan Yahudawa, da wuya a sami wadda ta yi tasiri kan yadda ake kallon darajar ɗan Adam kamar wadda ke cewa Allah ya halicci mutum cikin siffarsa. Nassosin da suka faɗi haka kai tsaye a Tsohon Alkawari ba su da yawa. Wurare uku ne, duk a Littafin Farawa: 1:26-27, inda aka ba da labarin halittar namiji da mace, 5:1, a farkon jerin zuriyar Adamu, da 9:6, inda aka haramta zubar da jinin mutum saboda wannan siffa. Nassin bai fayyace mene ne siffar ba, shi ya sa malaman Kirista suka shafe kusan shekara dubu biyu suna muhawara a kai. Wannan nazari zai bi manyan fassarori uku, ya kuma nuna cewa duk lokacin da aka mayar da siffar wata baiwa da za a iya aunawa, an buɗe ƙofar ware wasu mutane.

Asalin maganar a zamaninta

Kafin a fahimci nassin, sai an san duniyar da aka rubuta shi a cikinta. A tsohuwar Masar da Mesofotamiya, sarki ne ake kira siffar abin bauta. Sunan Fir'auna Tutankhamun kansa yana nufin rayayyar siffar gunki Amun. Sarakuna kan kafa mutum-mutuminsu a lardunan da ba sa zaune, domin talakawa su san wanda ke da iko da ƙasar. A shekarar 1979 an tono irin wannan mutum-mutumi a Tell Fekheriye da ke Siriya, na wani mai mulki da ya rayu a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, kuma rubutun Aramiyancin da ke jikinsa ya siffanta shi da kalmomi biyun da Littafin Farawa ya siffanta mutum da su, wato siffa da kamanni. Talaka kuwa, a tatsuniyar Atrahasis ta Babila, an halicce shi ne domin ya ɗauke wa alloli wahalar haƙa magudanan ruwa.

A nan nauyin maganar yake. Littafin Farawa ya ɗauki laƙabin da fada ta keɓe wa mutum ɗaya, ya ba kowa da kowa, namiji da mace, ba tare da ambaton ƙabila ko gidan sarauta ba.

Kiristoci ba su ɗauki wannan a matsayin cewa Allah yana da jiki irin namu ba. Lokacin da wasu masu zaman zuhudu a hamadar Masar suka riƙi wannan fahimta, Bishop Tiyofilas na Iskandariya ya soke ta a wasiƙarsa ta Ista ta shekarar 399, kuma duk da tarzomar da ta biyo baya, matsayin da ya tabbata a coci shi ne Allah ruhu ne, ba shi da gaɓɓai.

Fassara ta farko: siffar tana cikin hankali

Tunda ba jiki ba ne, sai malaman farko suka nemi siffar a cikin abin da ya bambanta mutum da dabba. Iraniyas na Liyon, wajen shekarar 180, ya raba abu biyu: siffa, wadda mutum bai rasa ba ko bayan saɓon Adamu, da kamanni, wanda ya ɓace kuma Ruhu Mai Tsarki ke maidowa. Agustin (354-430), bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya ga siffar a cikin tunawa da fahimta da nufi, abubuwa uku a rai guda, waɗanda ya ɗauka inuwa ce ta Triniti. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ɗora ta a kan hankalin da ke iya sanin Allah da ƙaunarsa.

Wannan fassara ta ɗaukaka ilimi da 'yancin zaɓi, amma tana da rauni babba. Hankali abu ne da ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma masu iko ne kan yanke hukuncin wa ya fi wa. Agustin da kansa, yana ƙoƙarin daidaita Farawa da 1 Korintiyawa 11:7, ya ce mace a matsayinta na mataimakiya ba siffar Allah ba ce sai an haɗa ta da mijinta, ko da yake ya yarda cewa ta fuskar hankali tana da ita. Kundin dokokin coci na Giratiyan, wajen 1140, ya ɗauko magana mai tsanani fiye da haka a kan mata. A muhawarar Baladolid ta 1550 a Sifaniya, wani malami mai suna Sepulveda ya dogara da ra'ayin Aristotle cewa akwai waɗanda bayi ne bisa ɗabi'a, ya ce halal ne a yaƙi 'yan asalin nahiyar Amurka. Bartolome de las Casas ya tsaya kai da fata cewa su ma cikakkun mutane ne, kamar yadda Fafaroma Paul na Uku ya riga ya bayyana a 1537.

Fassara ta biyu: siffar dangantaka ce

Masu gyaran coci na ƙarni na 16 sun karkata ga tsayuwar mutum a gaban Allah. Martin Luther ya ɗauki siffar a matsayin adalcin da Adamu ke da shi tun farko, wanda zunubi ya kawar. John Calvin ya ce ta lalace matuƙa amma ɓurɓushinta na nan, kuma saboda ita ake ƙaunar maƙwabci ko da bai cancanta ba. Saɓani kan ko siffar ta ɓace ko da sauranta ya sake tashi a 1934 tsakanin malaman tauhidi Emil Brunner da Karl Barth. Daga baya, a 1945, Barth ya koyar cewa tunda nassin ya haɗa siffar da halittar namiji da mace, to ma'anarta ita ce an yi mutum domin zama tare da wani, kamar yadda Kiristoci suka yi imani cewa akwai zumunci a cikin Allahntaka. Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne ba ya barin kowa ya riƙe siffar a matsayin mallakarsa shi kaɗai. Rauninsa, a ganin masana Tsohon Alkawari da dama, shi ne ya ɗora wa nassin tunanin da marubucinsa bai yi ba.

Fassara ta uku: siffar wakilci ce

Masana irin su Gerhard von Rad da J. Richard Middleton, marubucin littafin The Liberating Image na 2005, sun koma ga abin da binciken kufai ya nuna: mutum wakilin Allah ne a doron ƙasa, shi ya sa maganar mulki a kan sauran halittu ta biyo bayan maganar siffa nan take, kuma Zabura ta 8 ta nanata ta. Mai karatu Musulmi zai ga kusanci da batun halifancin Adamu a Suratul Baƙara da karrama 'yan Adam a Suratul Isra'i, ko da yake Musulunci yana tsananta nisantar duk wani kamanta Allah da halittarsa. Wannan fassara ita ma ta sha suka. A 1967 masanin tarihi Lynn White ya zargi koyarwar mulkin mutum da hannu a lalacewar muhalli. Fafaroma Francis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya amsa cewa abin da aka ba mutum amana ce ta kiwo da kulawa, kamar yadda Farawa 2:15 ta nuna.

Abin da tarihi ya nuna

Sabon Alkawari ya ƙara wani mataki: Kolosiyawa 1:15 ta kira Almasihu siffar Allah, 2 Korintiyawa 3:18 kuma ta ce ana sake masu bi zuwa gare ta. Duk da haka Yakubu 3:9 ta tsawata wa mai yabon Allah da harshen da yake zagin mutane da shi, ba tare da ware mai bi daga wanda ba mai bi ba.

Waɗanda suka riƙi wannan faɗi na aƙidar su ne suka fi amfanar da duniya da ita. Giregori na Nisa, wajen 379, ya yi wa'azi yana tambayar masu bayi ko nawa ne kuɗin abin da aka yi cikin siffar Allah, a zamanin da ba a ɗauki cinikin bayi abin kunya ba. Martin Luther King a Amurka da Akbishop Desmond Tutu a Afirka ta Kudu sun kafa gwagwarmayarsu a kanta, kuma a 1982 ƙungiyar majami'un Reformed ta duniya, a taronta na Ottawa, ta ayyana kare wariyar launin fata da hujjar addini a matsayin ɓata. Amma wajibi ne a faɗi gaskiya: Fafaroma Nikolas na Biyar a 1452 ya ba sarkin Fotugal izinin bautar da waɗanda ba Kirista ba, kuma majami'un da suka albarkaci wariya suna karanta Littafin Farawa guda ne da waɗanda suka yaƙe ta.

Kammalawa

Kowace fassara cikin ukun ta kama wani ɓangare na gaskiya, domin wakili yana buƙatar hankali, yana kuma buƙatar dangantaka da wanda ya aiko shi. Sai dai Farawa 9:6 ta hana kisa ne bayan ruwan tufana, a duniyar da ta riga ta ɓaci, kuma ba ta gindaya sharaɗin basira ko nagarta ba. Saboda haka fahimtar da ta fi dacewa da nassi ita ce siffar matsayi ne da Allah ya bayar, mutum bai same shi da ƙoƙarinsa ba, ba kuma wanda zai ƙwace masa. Jariri da mai taɓin hankali, fursuna da baƙo, da wanda addininsa ya saɓa da naka, duk suna da shi daidai wa daida. Kiristan da ya furta wannan aƙida ya ɗaure kansa da alkawarin kare ran kowane mutum da mutuncinsa, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.