Yashin Teku Mai Farfashewa da Yadda Ake Lissafin Ƙarfinsa

Yashi mai farfashewa nau'in yashi ne da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tekunan yankuna masu zafi, kamar Tekun Fasha da gaɓar arewa maso yammacin Ostireliya. Asalinsa ɓawon halittun ruwa ne da ɓaraguzan murjani, wato sinadarinsa ɗaya da na farar ƙasa da alli. Ƙwayoyinsa na da kaifi da ramuka a ciki, ga rashin tauri. A ma'aunin Mohs taurinsu 3 ne, alhali na kwaz, ma'adinin yashin gini, ya kai 7.

Matsalarsa takan bayyana idan aka kafa turakan ƙarfe masu ɗauke da dandamalin haƙar mai. Yashin kwaz yakan damƙe turken da aka buga a cikinsa. Wannan kuwa niƙewa yake yi ya tsuke, riƙonsa ya yi sako-sako. Haka ta faru a 1982 a dandamalin iskar gas na North Rankin A da ke tekun Ostireliya, inda turaku suka nutse da sauƙin da ya tayar wa injiniyoyi hankali. Sai da aka haƙa ƙarƙashin turakun, aka faɗaɗa ramukan, aka cika su da kankare. Gyaran ya ɗauki shekaru, ya ci ɗaruruwan miliyoyin dalar Ostireliya.

Don kauce wa irin wannan asara, masana kimiyyar ƙasa na tsara ƙa'idojin lissafi da ke danganta nauyin da aka ɗora wa ƙasa da yadda take tsukewa ko gocewa. Kwamfuta na amfani da su wajen hasashen abin da tushen gini zai jure. Wadda ta yi fice ita ce Cam Clay, da aka tsara wa yumɓu a Jami'ar Kambirij ta Ingila a shekarun 1960. A 1990 Matthew Coop ya gwada yashin Dogs Bay na ƙasar Ailan, ya nuna cewa a ƙarƙashin nauyi mai yawa yana tsukewa kamar yumɓu, amma fashewar ƙwayoyi ce sanadi.

Kafin nan, a 1985, Bobby Hardin ya fito da hanyar auna fashewar, ta kwatanta girman ƙwayoyin yashi kafin a danne shi da bayan an danne shi. A 2007 Itai Einav ya shigar da fashewar cikin lissafin kansa, ta yadda halin yashin ke sauyawa gwargwadon niƙewar ƙwayoyinsa.

A aikace, wannan ilimi ya sa a irin wannan ƙasa ake yawan haƙa rami, a zura turke, a cike gefensa da siminti, maimakon buga shi da guduma.