Dale Earnhardt, zakaran tseren motoci na Amurka

An haifi Dale Earnhardt ranar 29 ga watan Afrilun 1951 a garin Kannapolis da ke jihar North Carolina a Amurka. Mahaifinsa, Ralph, shi ma direban tsere ne.

Ya bar makaranta yana matashi ya rungumi sana'ar mahaifinsa, har ya kai ga gasar NASCAR, inda ake tsere da motoci masu siffar na kan titi amma masu ƙarfin inji sosai.

Ya zama zakaran gasar sau 7 tsakanin 1980 da 1994, kuma abokan karawarsa na shakkar baƙar motarsa mai lamba 3, saboda ba ya jin tsoron gogayya da kowa.

Sai dai babban tseren Daytona 500 ya daɗe yana gagararsa. Bai lashe shi ba sai a 1998, a karo na 20 da ya gwada.

A wannan tseren ne kuma ya mutu ranar 18 ga watan Fabrairun 2001, lokacin da motarsa ta daki bango a zagayen ƙarshe, ƙoƙon kansa ya tsage ta ƙeya.

A watan Oktoban shekarar, NASCAR ta wajabta wa direbobi sanya na'urar tallabe kai da wuya, wadda shi Earnhardt ya ƙi amfani da ita.