Daga Lamba Zuwa Sauti: Tarihin Na'urar DAC

Duk waƙa ko karatun da ke cikin waya lambobi ne zalla, lasifika kuwa motsin wutar lantarki kaɗai take bi. Tsakaninsu akwai wani ɗan guntun lantarki da ake kira DAC, shi ke mayar da lambobin su koma sauti. Masu tallar kayan sauti kullum cewa suke na bana ya shafe na bara, amma tarihin abin ya nuna saurin ci gaban ya tsaya tun tuni.

A 1937 Alec Reeves, injiniya ɗan Ingila da ke aiki a Faransa, ya tsara hanyar auna sauti a rubuta shi da lambobi. Abin bai shiga gidajen mutane sosai ba sai Oktoban 1982, da Sony ta fitar da na'urar kunna CD mai suna CDP-101 a Japan. Faifan CD yana ɗauke da awo 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da bit 16, kuma a lokacin fitar da bit 16 daidai jan aiki ne. Sony DAC ɗaya ta sa, yana yi wa hagu da dama aiki bi da bi. Philips kuwa bit 14 ta shirya wa, guntunta TDA1540 iyakarsa ke nan. Da aka tsaya a kan 16 don CD, sai injiniyoyinta suka ninka yawan awon sau huɗu, suka tura ƙurar kuskuren can sama inda kunne ba ya kaiwa. Larura ce ta haifi dabarar, kuma ita kusan kowa ya bi daga baya.

Shekarun da suka biyo baya su ne na gudu. Tsohuwar hanya tana jera ƙananan rizisto kamar matakalar tsani, dole kowane ya dace da ɗan'uwansa ƙwarai, abin da ke sa tsada. A ƙarshen shekarun 1980 Philips ta zo da Bitstream, Matsushita ta zo da MASH, dukansu a kan tsarin delta-sigma da Inose da abokan aikinsa suka bayyana a Tokyo tun 1962: bit kaɗan, amma da gudu mai tsanani. Farashi ya faɗi, inganci ya hau. Sabon faifai mai suna SACD ya fito a 1999, DVD-Audio ya biyo shi da bit 24 da awo har 192,000.

Daga nan aka ci karo da bango. Bit 16 yana ba da tazarar desibel 96 tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi. Bit 24 a takarda 144 ne, sai dai zafin da ke cikin kayan lantarki kansa yana da tasa hayaniyar, shi ya sa mafi kyawun na'urori ke tsayawa wajen 120 zuwa 130. Bit 32 da ake bugawa a kwali lissafin cikin guntun ne, ba ya isa kunne. A 2007 masu bincike Meyer da Moran suka gwada masu sauraro ba tare da gaya musu wanne ake kunnawa ba, kuma masu sauraron ba su iya raba SACD da matakin CD ba. An soki tsarin gwajin, amma a ganina ya isa ya sa mai saye ya yi tunani kafin ya zuba kuɗinsa.

Ci gaban gaskiya tun lokacin yana wajen araha da ƙanƙanta ne. Da Apple ta cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016, 'yar igiyar dala 9 da ta maye gurbinsa DAC ne a cikinta. A Oktoban 2020 gobara ta ci masana'antar AKM mai ƙera guntayen DAC da ke Nobeoka a Japan, kamfanoni da dama suka koma guntayen ESS da Cirrus Logic suka ci gaba da sayar da kayansu. A wannan tsakanin ne wasu ƙananan kamfanoni suka farfaɗo da tsohon tsanin rizisto, wasunsu suna sayar da shi dubban daloli.