Makin da Ya Rasa Nauyinsa a Manyan Jami'o'in Amurka

A shekarar 1894 wani kwamiti na Jami'ar Harvard ya koka cewa malamai suna sakin makin A da B cikin sauƙi fiye da kima. Na fara da wannan shekara ne domin a san kukan tsoho ne, ya girmi kakannin masu yin sa a yau. Sai dai abin da ya sauya tun daga lokacin, a ganina, shi ne wanda ake rubuta wa makin. Da can saƙo ne tsakanin malami da ɗalibinsa. Sannu a hankali ya koma takardar shaida da ake miƙa wa mutanen waje, su kuwa ba darasi ne ya dame su ba.

Yaƙin Biyetnam ne ya fito da wannan a fili. A 1966 hukumar ɗaukar sojan tilas ta Amurka ta koma duba matsayin ɗalibi a ajinsa kafin ta jinkirta kiransa. Wanda ya faɗo ƙasa yana iya rasa wannan rangwame, a sa masa kaki, a tura shi fagen fama. To, malamin da ya zauna da jan biro a gaban takardar yaro ɗan shekara 19 ya san cewa makin C yana iya zama sanadin ajali. Ban ga laifin wanda hannunsa ya yi sanyi ba. Amma hannun da ya saba sassauci da wuya ya koma tsanani. Binciken Stuart Rojstaczer da Christopher Healy ya nuna cewa a 1960 makin A bai wuce kashi 15 cikin 100 na makin da ake bayarwa a jami'o'in ƙasar ba, amma zuwa 2008 ya kai kashi 43. Yaƙi ya ƙare, kuɗin makaranta ya yi ta hawa, aka kuma ba ɗalibai damar auna malamansu a ƙarshen zango, ma'aunin da yake shafar ƙarin girma.

A 2001 jaridar Boston Globe ta bayyana cewa kashi 91 cikin 100 na waɗanda suka kammala Harvard a shekarar sun fita da lambar yabo. A wannan zamani ne Farfesa Harvey Mansfield, malamin falsafar siyasa, ya ɗauki wata dabara mai ban dariya da ban tausayi: yana ba kowane ɗalibi maki biyu, ɗaya mai kumburi domin rajista, ɗaya na gaskiya tsakaninsa da ɗalibin. Shi ne kuma a 2013 ya yi tambaya a taron malamai, aka amsa masa cewa makin da aka fi bayarwa a Harvard shi ne A.

Princeton ta gwada maganin ƙayyade kaso. A 2004 ta tsara cewa kada makin A ya wuce kashi 35 cikin 100 a kowane sashe. Makin ya sauka, amma ajin ya sauya hali, domin ɗalibi ya fara kallon na kusa da shi a matsayin mai cin rabonsa. Jami'ar ta riƙa haɗa sakamako da wasiƙar bayani ga masu ɗaukar aiki, duk da haka ɗalibanta suna ganin takwarorinsu na Harvard da Yale suna shiga kasuwa ɗaya da takardu masu ƙyalli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2014 malamai suka kaɗa ƙuri'a aka soke tsarin. Kwalejin Wellesley ma ta ɗaure makinta a 2004, sai masana tattalin arzikinta suka gano cewa ɗalibai sun rage zuwa sassan da abin ya shafa, sun kuma rage wa malamansu yabo.

Masu kare hauhawar suna cewa ɗaliban yau sun fi na jiya ƙwazo, tunda gurbin shiga ya yi tsada. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai gamsar da ni ba, domin ko cikin zaɓaɓɓu akwai wanda ya fi wani, kuma shi ne ake tauyewa idan aka yi kuɗin goro. A zangon karatu na 2022 zuwa 2023, kusan kashi 80 cikin 100 na makin da aka bayar a Yale A ne ko mai bi masa.