Majami'ar ƙasa ta Wusasa da hannayen da suka riƙe ta

Wanda ya fita daga birnin Zariya ya nufi wajen dutsen Kufena, ba zai yi nisa ba zai iske Wusasa. A yau gidaje sun kusa haɗe ta da gari, amma a da daji ne da duwatsu a bayan ganuwa. A nan majami'ar St. Bartholomew take, ginin ƙasa tsantsa, wanda aka tayar a 1929. Ba ta da tsayin da zai ba mutum mamaki. Abin da ke cikinta shi ne labarin mutanen da sau biyu ana tayar da su daga mazauninsu kafin su sami inda za su kafa tubali.

Labarin ya faro da Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus, sannan ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS. Sun kai har Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito, suka ja da baya zuwa Girku. Sai a 1905 Mila ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da ƙaramar makaranta.

Shekarun farko ba su kawo masa jama'a da yawa ba. A 1913 ne wasu baƙi suka zo gidansa daga ƙauyuka. Isawa ne, zuriyar almajiran Malam Ibrahim, wani malamin Kano da karatunsa ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayi na daban, har aka zartar masa da hukuncin kisa a zamanin Sarki Abdullahi. Mabiyansa sun watsu, wasu suka nufi Ningi, wasu suka fantsama cikin ƙasashen Kano da Zazzau da Bauci. Waɗanda suka karɓi addinin Kirista a cikinsu aka ba su fili a Gimi, suka share daji, suka yi gonaki, suka kafa gari. Ba a daɗe ba ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya faɗa musu. Ya kashe manya da yara, har garin ya tashi. Sauran da suka tsira suka tattaru a gidan mishan na cikin birni.

Can ma zama bai ɗore ba. Turawan mulki ba sa son mishan a tsakiyar birnin Musulmi, domin alkawarin da Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba, ga kuma wurin ya yi kaɗan. A zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau aka ba su Wusasa. Mila bai so ƙaurar ba. Wani matashin fasto, Guy Bullen, shi ya ja ragamarta. Shi ne daga baya ya zama mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937.

To, da aka zo gina wurin sujada, ba a kwaikwayi cocin Ingila mai dutse da gilasai ba. An yi ginin da mutanen suka tashi suka gani, irin na Zazzau, ƙasar Babban Gwani Malam Mika'ilu da ya gina masallacin Juma'a na birni tun ƙarni na 19. A ganina wannan zaɓi ya fi komai bayyana ko su wane ne mutanen Wusasa. Hausawa ne da Fulani da suka sauya addini ba su sauya gida ba: da Hausa suke waƙa, da Hausa suke addu'a, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Mila ya yi shekaru yana aikinsa tare da malamai 'yan ƙasa, ya fito a 1932, majami'ar tana sabuwa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da magina ya san wahalar irin wannan aiki. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa har ta yi danƙo. A mulmula tubali da hannu, a shanya shi ya bushe. A jera shi sahu sahu, ana jira kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Wurin rufi sai gwani: azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ana ɗaure ta guntu bayan guntu daga bango biyu, tana lanƙwasowa har ta haɗu a sama ta zama bakan gizo, sannan a lulluɓe ta da ƙasa. Katangar mai kauri ce, shi ya sa ko da rana tsaka a watan bazara, wanda ya shiga ciki sai ya ji sanyi ya ratsa shi.

Amma ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta, kafin damina biyu bango ya tsage. Dole kowace shekara a duba, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Wannan majami'a ta ga damina sama da casa'in. Turawan mishan sun tafi, gwamnati ta karɓi makarantu a shekarun 1970, makarantar mishan ta St. Paul ta koma Kwalejin Kufena, amma kulawa da ɗakin sujada ta zauna a wuyan masu shiga cikinsa: malaman makaranta, ma'aikatan asibitin mishan na St. Luke, manoma, zumuntar mata, da baikon da ake tarawa ranar Lahadi.

Ƙaramin ƙauyen nan ya ba Arewa mutanen da ba a mantawa. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta. Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a nan ya girma, mahaifinsa yana aikin bishara. Yau Wusasa mazaunin bishop ce ta ɗarikar Anglika.

Abin da ke damuna shi ne magina. Ƙasa tana nan, giginya ma ba ta ƙare ba, amma masu iya ɗaure bakan gizo suna raguwa, samari sun koma bulo da siminti. In aka shafe bangon ƙasa da siminti, ruwa yakan shige bayansa ya ci ginin a ɓoye. Ina kira ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, da masarautar Zazzau, su haɗa hannu da mutanen Wusasa a koya wa matasa wannan sana'a tun tsofaffin gwanaye suna raye.