Wanda Ya Ga Mai Halaka Ya Wuce: Tarihin Wajabcin Ceto a Fiƙihu da Dokokin Turai

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa ceton ran da ke bakin halaka wajibi ne a kan mai iko, kuma wanda ya ƙi ya yi zunubi. Abin da suka yi saɓani a kansa shi ne ko alƙali zai ɗora masa lamuni tun a duniya, alhali bai soki kowa ba, bai tura kowa rijiya ba. Tushen mas'alar tambaya ce ta usulu: shin barin aiki yana ɗaukar hukuncin aiki?

Babban abin dogaro a nan shi ne asarin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, cewa wani mutum ya roƙi wasu mutane ruwa suka hana shi har ƙishirwa ta kashe shi, sai Umar ya ɗora musu diyyarsa. Hanafiyya da Shafi'iyya sun tafi a kan cewa mai hanawa ya saɓa wa Allah, amma babu lamuni a kansa, domin bai aikata sababin mutuwar ba. Ibn Ƙudama (ya rasu 620 H) ya bayyana a cikin Almugni cewa Hanbaliyya suna lamuntar da wanda aka roƙa abinci ko ruwa ya hana, amma ba sa lamuntar da wanda ya ga mai halaka ya ƙyale shi, sai dai Abul Haɗɗabi daga cikinsu ya daidaita biyun. Ibn Hazm (ya rasu 456 H) kuwa ya tsananta, har ya ga kisasi a kan waɗanda suka hana ruwa suna sane da cewa mutumin zai mutu.

Malikiyya su ne suka fi faɗaɗa babin. Abin lura shi ne Shaihu Halil ya kawo mas'alar a babin yanka na Muhtasar, inda ya fara da mai wucewa da ya tarar da dabbar farauta tana shure-shuren mutuwa, yana da ikon yanka ta ya bari ta mushe. Daga nan ya haɗa da barin ceton rai ko dukiya, da ɓoye shaida, da hana zaren ɗinkin rauni, da hana rarar abinci ga mabuƙaci, da hana itacen tokare bangon da ya karkata. Daga baya Alwansharisi (ya rasu 914 H) ya tattara waɗannan rassa a ƙarƙashin ƙa'ida guda.

Dokokin Turai sun rabu a daidai wannan mahaɗa. Tsarin shari'ar Ingila bai hukunta mai kallo ba, sai idan akwai alaƙa ta musamman kamar ta uba da ɗansa. Jamus ta shigar da laifin ƙin taimako a dokarta a 1935. Faransa kuwa ta kafa tata ranar 25 ga Oktoba 1941, a zamanin gwamnatin Vichy, kwana biyar bayan an kashe wani hafsan sojan Jamus a Nantes, kuma ta haɗa wajabcin ceto da wajabcin tsegunta masu laifi. Bayan yaƙi an sake rubuta ta a 1945, kuma a yau sashe na 223-6 ya tanadi ɗaurin shekara biyar da tarar yuro 75,000 ga wanda ya ƙi ceto alhali babu haɗari a kansa ko a kan wani.

Wannan sharaɗi na iko da kuɓuta daga cuta shi ne wanda fukaha'u suka gindaya ƙarnoni kafin haka. Bambancin yana ga mafari: dokar Faransa ta fito ne daga ƙuncin mamaya, ta Malikiyya kuwa daga alfarmar rai da haƙƙin mutum a kan ɗan'uwansa. Ɗalibin da ke karanta Muhtasar a zaurukan Kano, Sakkwato ko Damagaram ya kamata ya tsaya a wannan gaɓa, domin wanda ya tarar da haɗarin mota ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, alhali yana iya agaji, mazhabarsa ta daɗe da yi masa hukunci.